Tarihin Zuwan Turawa a Talabijin: Wa Zai Tantance Shaidu?

Bayan sallar isha'i, a teburin mai shayi, waya ɗaya takan tara kawuna biyar. An turo wa wani bidiyo: hoto ne baƙi da fari mai ɗan rawa-rawa, mahaya cikin lifidi da kwalkwali sun sako dawakai a guje, ƙura ta turnuƙe, an ɗora masa kiɗan ban tausayi, a ƙasa kuma an rubuta wai ranar da Turawa suka ci Kano ke nan. Nan take musu ya sarƙe. Wannan ya ce kakanninmu sun yi faɗa sai da ƙarfinsu ya ƙare, wancan ya ce ai sarakuna ne suka sayar da ƙasa, na uku ya ce da Bature bai zo ba da har yau ana kama mutane ana kai su kasuwa. Shayi ya huce, mai shayi ya fara kife kofuna, a watse ba wanda ya gamsar da wani. Ba kuma wanda ya tsaya ya tuhumi hoton kansa. Ran 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta shiga Kano, babu wanda ya ɗauki hoton motsi na abin da ya faru. Irin waɗannan hotuna na hawan daba ne, kamar wanda aka shirya wa Yariman Wales a Kano a 1925, ko wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Jahin gaisuwa ne matasanmu suke kallo, suna zaton sukuwar yaƙi ce.

Ƙorafin da ake yawan ji shi ne Turawa sun mamaye mana tarihi, su ne suke ba da labarinmu a talabijin da harshensu, da muryarsu, da son ransu. Ƙorafin yana da tushe, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne irin shirin da za mu yi ranar da kyamarar ta shigo hannunmu. Idan kirari za mu jera, mu cire duk abin da zai sosa ran wani gida, to mun canza maroƙi ne kawai, roƙon yana nan. Shirin talabijin mai dogon zango a kan mulkin mallaka, a ganina, zaman shari'a ne. Akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara, akwai shaidu, kuma alƙalin da ya san aikinsa ba ya karɓar shaida sai an yi wa mai ba da ita tazkiyya, ko da ɗan'uwansa ne. Wannan shi ne shirin da ƙasar Hausa ba ta samu ba tukuna, shi ne kuma ya kamata tashoshinmu su yi.

1. Yadda wasu suka yi nasu

Ingila ta daɗe tana komawa kan daularta a talabijin, kuma kowane komawa yana ɗauke da fuskar mai shi. A 1985 kamfanin Granada ya fitar da End of Empire, kashi 14, wanda ƙarfinsa yake cikin hira da waɗanda aka yi abin da su: tsofaffin gwamnoni, hafsoshi, da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, kowa ya faɗi nasa a gaban kyamara. A 2003 Niall Ferguson ya yi nasa a tashar Channel 4, kashi 6, yana kare ra'ayin cewa daular Ingila ce ta shimfiɗa harsashin duniyar zamani, duk da laifuffukanta. A 2012 Jeremy Paxman ya zagaya tsofaffin ƙasashen mallaka da kyamarar BBC a kashi 5. A 2021 Raoul Peck, mutumin Haiti, ya yi Exterminate All the Brutes a HBO, kashi 4, inda ya ɗauki mamaya da kisan ƙare-dangi a matsayin ginshiƙin tarihin Turai da Amurka. Tarihi ɗaya, hukunci huɗu. Kowane darakta ya zaɓi wanda zai yi magana, da wanda za a yanke maganarsa a ɗakin tacewa, da hoton da za a bari ya daɗe a kan allo.

Darasi mafi kusa da mu yana wurin marigayi Farfesa Ali Mazrui, ɗan Mombasa, wanda ya koyar a Jami'ar Jos. Shirinsa The Africans, kashi 9, ya fito a 1986 da haɗin gwiwar BBC da wata tashar Amurka da NTA. Hukumar Amurka mai tallafa wa ilimin al'adu ta zuba kuɗi a aikin, amma da shugabarta Lynne Cheney ta ga abin da aka yi, sai ta ce shirin cin zarafin Yammacin duniya ne, ta sa aka cire sunan hukumar daga jerin masu tallafi. Mazrui bai janye ba, shirin kuma ya fita. Amma wannan ya nuna abin da Bahaushe ya daɗe da sani, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko aƙalla kuturun zai zo neman askin. Shekara biyu kafin nan, Basil Davidson ya yi nasa shirin kan Afirka a kashi 8, shi ma da hannun NTA a ciki. Wato akwai lokacin da tashar gwamnatin Nijeriya take zama a teburin da ake yanke shawarar irin wannan aiki. Duk da haka, ko ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan ba a yi shi domin mai kallo Bahaushe ba, kuma faɗuwar Daular Sakkwato, ɗaya daga cikin manyan daulolin Afirka a ƙarni na 19, ba ta taɓa zama jigon ko ɗaya ba.

2. Hoton da Bature ya bari

Talabijin ba ta rayuwa sai da hoto, a nan kuma tarkon yake. Kusan duk hoton motsi da ya rage na zamanin mallaka, mai mulki ne ya ɗauka, ko wanda mai mulki ya ba izini. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mallaka, ta ɗora William Sellers a kansa, wani jami'in tsabtar muhalli da ya yi aiki a Legas. Sellers ya tafi a kan cewa ɗan Afirka ba zai iya bin hoto mai sauri ba, saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idar a riƙa tafiya sannu-sannu, a guji duk wata dabarar kyamara. Waɗannan finafinai su ne motar majigi take yawo da su gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, dogarai su tsare layi, mai fassara ya riƙe amsa-kuwwa yana bayani: ga yadda ake haƙa masai, ga yadda ake ɓare gyaɗa, ga Gwamna yana buɗe asibiti. Dalar gyaɗa ta shiga hoto, jirgin ƙasa ya shiga, Razdan da farar hularsa yana karɓar gaisuwa ya shiga. Wanda ya tsere daga garinsu saboda haraji bai shiga ba. Makiyayin da ya kwana a daji da shanunsa don gudun jangali bai shiga ba. Waɗanda aka ɗebo da ƙarfi zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sanyin da ya kashe da yawa daga cikinsu, ba wanda ya kafa musu kyamara don ya nuna wahalarsu.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wannan karin maganar ce take cutar da mai shirin tarihi idan bai yi hattara ba. Zai zauna ya rubuta sharhi mai zafi a kan zaluncin mulkin mallaka, sa'an nan ya rasa hoton da zai ɗora a kai sai na majigi. Kunnen mai kallo yana jin labarin aikin tilas, idonsa yana ganin leburori suna murmushi ga kyamara, kuma ido ne zai yi rinjaye. Ba cewa nake a jefar da waɗannan hotuna ba, domin shaida ne masu daraja. A cikinsu ake ganin kasuwar Kurmi kafin siminti, da suturar mutane, da fasalin garuruwa. Sai dai shaida ne da ɗaya daga cikin masu shari'a ya kawo, don haka a yi musu tambayoyi a gaban mai kallo. A tsayar da hoton, a rubuta shekarar da aka ɗauke shi da sunan hukumar da ta biya kuɗinsa, a nuna dogarin da ke gefe da bulala, a tambayi wa aka umarta ya tsaya a ina. Mai kallon da aka koya wa duban hoto haka sau ɗaya, ba za a sake yaudararsa da hawan daba a teburin mai shayi ba.

Takardu ma haka suke. Rahoton da Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya aika Landan a kan yaƙin Kano da Sakkwato, rahoto ne na mutumin da yake neman ya gamsar da magabatansa cewa yaƙin da ya ja su ciki ya zama dole. Wasiƙar da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ya riƙe a matsayin shelar yaƙi, masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan sahihancin fassararta. Shirin ƙwarai zai kawo wannan jayayya fili, ya bar mai kallo ya ji ɓangarorin. Ga kuma abin da ba a bari ya kai gare mu ba sam. A 2011, cikin shari'ar da tsofaffin fursunonin Mau Mau na Kenya suka kai gwamnatin Ingila, ma'aikatar harkokin wajenta ta amsa cewa tana ɓoye da fayil kusan 8,800 daga tsofaffin ƙasashen mallaka 37 a wani wuri da ake kira Hanslope Park. An kwashe su ne gab da ba da 'yanci, wasu kuma an ƙone su tun a can. A 2013 Ingila ta amince ta biya fam miliyan 19.9 ga 'yan Kenya 5,228. Wanda ya san an tace rumbun kafin a miƙa masa mabuɗi, ba zai ɗauki shirun takarda a matsayin hujjar cewa ba abin da ya faru ba.

3. Namu shaidun

Masu cewa ba mu da kayan aiki tun da ba mu da hoto, ba su duba abin da wasu suka yi da ƙasa da abin da muke da shi ba. Ken Burns ya ba da labarin yaƙin basasar Amurka a 1990, kashi 9, alhali an yi yaƙin tun kafin a ƙirƙiro hoton motsi. Da hotuna marasa motsi ya yi aiki, da wasiƙun sojoji da 'yan wasa suka karanta, da filayen daga kamar yadda suke a yau. Claude Lanzmann ya yi Shoah a 1985, sama da awa tara a kan kisan Yahudawan Turai, bai sa tsohon hoto ko ɗaya ba, fuskokin masu ba da shaida ne kawai da wuraren da abin ya faru.

Mu kuwa al'umma ce mai alƙalami tun kafin Bature ya sauka a Lakwaja. Bayan an ci Sakkwato a filin Giginya ran 15 ga Maris 1903, shugabanni sun rabu biyu a kan tambaya ɗaya: a yi hijira ko a zauna? Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas, jama'a suka yi ta bin sa, talakawa da malamai da sarakuna suna barin gonakinsu, har aka rutsa da su a Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, ran 27 ga Yuli 1903, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har bakin Kogin Nilu a Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunansa, zuriyarsu kuma suna nan. Waziri Buhari shi kuma ya zauna, ya koma birni ya yi sulhu, sa'an nan ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana damuwar da ta cika masa zuciya da hujjojin da malamai suka ba shi na halascin zama domin kare addinin waɗanda ba za su iya tafiya ba. Wane marubucin wasan kwaikwayo ne zai ƙago rikicin zuci da ya fi wannan? Mutum biyu, dukansu masu tsoron Allah, kowa da hujjarsa, kowa kuma ya biya farashi. Kashi guda cur ya kamata a ba wannan muhawara, a karanta hujjojin da Larabci a fassara su da Hausa, a je Burmi, a je Mai Wurno, a zauna da jikoki a ɓangarorin biyu.

Akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi ta ƙasar Gana a 1934, wanda ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa yana lissafa garuruwan da Nasara suka ci ɗaya bayan ɗaya. Akwai Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954, wadda ta ga zuwan Turawa da idon yarinya a ƙauyen ƙasar Zazzau, inda tsoron maharan bayi ya fi tsoron Bature. Akwai Rumbun Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Makama a Kano, cike da wasiƙun sarakuna da littattafan alƙalai da rajistar haraji. A ƙetaren iyaka, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa a 1899 tana ƙone garuruwa, ta gamu da turjiyar Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Da Rob Lemkin da Femi Nylander suka bi sawun wannan runduna a fim ɗinsu African Apocalypse na 2020, sun tarar da mutanen garuruwan suna riƙe da labarin daki-daki, kamar yadda iyaye suka ba su. Labarin yana nan a bakin mutane, ba a dai kai musu makirufo ba.

Sai dai shaidar baka ita ma tana bukatar tazkiyya. Labarin da ya bi ta baki huɗu kafin ya iso gare mu yakan ƙara wa kakan mai ba da shi jarumtaka, ya rage masa kuskure. A saurare shi da ladabi, a gwada shi da na garin da ke maƙwabtaka, a gwada shi da takarda, inda suka saɓa a gaya wa mai kallo sun saɓa.

4. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

A nan ne za a gane ko da gaske muke. Rundunar da ta ci Kano ba ta kai mutum dubu ba, Turawan cikinta kuwa 'yan gommai ne. Sauran baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausawa, har Hausa ta zama harshen ba da umarni a bariki. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya fara tara Hausawa a Legas, akasarinsu bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ya mai da su dakaru, kuma daga wannan tushe sojan Nijeriya yake ƙirga asalinsa. Irin waɗannan dakaru aka kai yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Shirin da zai nuna Bature shi kaɗai yana harba bindiga mai ruwa, ya ɓoye hannun da ya ɗauko ta a ka tun daga Zungeru, ya yi ƙarya. Kuma tambayar da za ta biyo baya ba ta da daɗi: me ya sa bawan da ya gudo ya ga gara ya sa kakin Bature? Amsarta za ta kai mu ga kasuwannin bayi, da rinji, da hare-haren da suka mai da wasu yankuna kufai. Za ta kai mu ga basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, da yaƙe-yaƙen Kano da Damagaram. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wannan ba wanke Bature ba ne, domin shi ma da'awarsa ta 'yanta bayi ba za ta tsira daga tambaya ba. Dokar Lugard ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga Afrilun shekarar, amma ta bar waɗanda suke cikin bauta a hannun iyayengijinsu, an kuma yi ta ƙuntata wa masu gudu don kada noma ya tsaya haraji ya karye. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya.

Sai Satiru. A Fabrairun 1906 mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato, talakawa da bayin da suka gudo, masu jiran Mahadi, suka afka wa wata ƙaramar runduna da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Ran 10 ga Maris aka koma musu. An kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka haramta sake zama a cikinsa. Winston Churchill, wanda yake ƙaramin minista a ofishin mallaka a lokacin, shi kansa ya rubuta rashin jin daɗinsa da irin kisan. Abin da ya fi nauyi a faɗa shi ne mahayan Sakkwato suna tare da Turawa a wannan rana, domin masu sarauta sun ga boren a matsayin barazana gare su kamar yadda yake ga Bature. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka, Sarkin Haɗeja Muhammadu ya mutu yana yaƙar Turawa a cikin birninsa. Duka biyun tarihinmu ne. Shirin da zai yi kashi guda a kan Haɗeja ya tsallake Satiru ya zaɓi wa zai zama kakanmu ke nan, ya kori sauran daga dangi.

5. Abin da za a ce

Za a ce wannan tone-tonen tsohon miki ne, a ƙasar da ba ta rasa rigingimu ba. Wannan magana ce ta masu hankali, ba na raina ta. Zuriyar waɗanda aka naɗa a 1903 suna kan karaga, zuriyar waɗanda aka tuɓe aka kai Lakwaja, irin su Sarkin Kano Alu, suna raye, jikokin bayi da jikokin masu bayi suna sahu ɗaya a masallaci. Amma mikin ba a rufe yake ba. Kullum ana sosa shi a wayoyi, da hotunan bogi, da rabin labari, yanzu ma har da hotunan da kwamfuta take ƙirƙira, kuma masu sosawar sukan yi ne domin su tunzura wata ƙabila a kan wata. An yi shekaru an cire tarihi daga darussan ƙananan makarantu a Nijeriya, waɗanda suka taso a lokacin su ne suke zaune a teburin mai shayi. Zaɓin da ke gabanmu shi ne tsakanin labarin da aka tantance da wanda ba a tantance ba, domin shiru ya riga ya kuɓuce mana. Kuma adalcin shari'a da kansa yana sanyaya zuciya: alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda ake ƙara ko yana da sauran magana. A ba kowane gida damar faɗin nasa a gaban kyamara, a bayyana matsin da kakanninsu suka shiga, a nuna cewa wanda ya zauna ba lalle maci amana ba ne, wanda ya tafi kuma ba lalle mai ganganci ba ne.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne aikin yana da tsada, kamfanonin da suka mallaki tsofaffin hotunan suna sayar da izinin amfani da su daƙiƙa-daƙiƙa da kuɗin waje, takardun Faransa kuma sai an bi su har Aix-en-Provence. To amma masana'antar da take fitar da Labarina da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in zango bayan zango ba ta rasa masu kyamara da masu tace hoto da masu ɗaukar sauti ba, jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai da Damagaram kuma ba su rasa masana ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai haɗa su a ɗaki ɗaya ya biya su na shekara biyu. Abin tsoro shi ne inda kuɗin zai fito. Idan gwamna ɗaya ko fada ɗaya ko ofishin jakadanci ɗaya ya ɗauki nauyin duka, to an gama shari'a kafin a zauna. Gara a tara daga wurare da yawa, a rubuta sunan kowane mai tallafi a ƙarshen kowane kashi, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa ba mai ganin shiri kafin ya fita sai kwamitin masana.

Za a ce mutanenmu soyayya da barkwanci suke so. Jama'ar da take kwana sauraron tafsiri da tarihin Annabawa, take haddace jerin sarakunan garinta, take musu a kan 1903 har shayi ya huce, ba za a ce ba ta son tarihi ba.

Kwaikwayo kuwa, a yi shi da taka-tsantsan. Med Hondo ya yi fim ɗin Sarraounia a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a shekarar da ta biyo, amma kowa ya san ƙagaggen labari ne aka gina a kan tarihi, ba wanda aka yaudara. A shirin gaskiya, duk inda aka sa 'yan wasa su hau dawakai a rubuta a kan allo cewa kwaikwayo ne, kada kuma a sa wa mamaci maganar da ba a samu a rubuce ko a ruwaya ba.

6. Waɗanda ba za su jira mu ba

Duk sauran abubuwa za su iya jira, ban da tsofaffi. Waɗanda suka ga 1903 sun tafi. Wani jami'in mulkin mallaka, D. J. M. Muffett, ya riski wasunsu ya yi hira da su, ya fitar da littafi a 1964, mu kuma ba mu ɗauki muryarsu ba. Yanzu layi ya zo kan waɗanda suka ga ƙarshen zamanin: waɗanda suka yi dakon kayan Joji a rangadi, waɗanda aka ɗaure a gidan yarin En'e saboda katin jam'iyya, matan da aka kai mazansu Bama suka yi shekaru ba labari, mutanen Maraɗi da Tawa da suka tsallako iyaka don gudun aikin tilas na Faransa kafin a soke shi a 1946, da waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen raba-gardama na 1958 a Nijar, lokacin jam'iyyar Sawaba da Djibo Bakary. Yaron da yake da shekara 15 ranar da aka kafa NEPU a Kano a 1950, yau yana wajen shekara 90.

Saboda haka kirana ga Arewa24 da NTA da tashoshin jihohi da Télé Sahel, da sassan tarihi da na aikin jarida a jami'o'inmu, shi ne kada a jira sai an sami kuɗin shiri gaba ɗaya. A fara da hira. A tura ɗalibi biyu da kyamara ɗaya da makirufo mai kyau zuwa kowace ƙaramar hukuma, a zauna da tsofaffi maza da mata, a rubuta sunan gari da ranar hira, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da kuma Yamai. Kai ma mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da suka ga Bature yana mulki, wayar da ke hannunka ta isa. Ka zauna da su a wannan makon, ka tambaye su nawa ne haraji a zamaninsu, wa yake karɓa, me kuma ake yi wa wanda ya kasa biya.